Tera Nawa Za Mu Saya? Lissafin Ma'ajiyar Dandalin Karatu na Intanet da Inda Ya Kamata Makarantar Kaduna Ta Ajiye Shi

Makarantar da za ta buɗe dandalin karatu na intanet takan fara da tambayar tera nawa na wurin ajiya za a saya (tera ɗaya giga 1,000 ne, giga ɗaya mega 1,000). Mai sayar da kaya zai ce huɗu, wani ya ce goma, kowa da abin da ke shagonsa. Tambayar ba ta amsuwa sai an san me za a zuba a ciki, sau nawa za a ɗebe shi, kuma shekara nawa zai zauna kafin a share. Makarantu biyu masu yawan ɗalibai ɗaya, wata giga 400 ya ishe ta shekara, wata tera 5 bai fitar da ita shekarar ba. Bambancin bai wuce yadda malamai ke ɗaukar bidiyo da yadda ɗalibai ke miƙa aikin gida ba.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a Kaduna. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a 1976, hedikwatarta na nan kan hanyar Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar karatu daga nesa, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ƙasa, NOUN, ma tana da cibiya a garin Kaduna. Abin da ya sauya tun rufe makarantu na 2020 shi ne ƙananan kwalejoji da makarantun kuɗi su ma sun shigo, yawancinsu da ma'aikacin kwamfuta ɗaya ko biyu da kasafin da ba ya ɗaukar kuskure. Misalinmu zai tsaya kan Moodle, domin ita ce manhajar kyauta da makaranta kan girka da kanta, amma lissafin yana aiki a kan sauran.

Abin da ke cin wuri

Moodle kashi uku ce. Akwai manhajar kanta, wadda ba ta kai giga ɗaya ba, ba ta cikin abin damuwa. Akwai rumbun bayanai, MySQL ko MariaDB ko PostgreSQL, inda sunayen ɗalibai da maki da amsoshin jarrabawa ke zaune. Ƙarami ne, amma yana son faifai mai sauri. Sai foldar moodledata, inda kowane fayil da aka ɗora yake sauka. Ita ce mai ƙiba, amma ba ta damu da sauri sosai ba. Wanda ya gane cewa rumbun da foldar ba buƙata ɗaya suke da ita ba, ya riga ya rage kuɗi, don ba zai sayi SSD, faifai mai sauri da tsada, ya zuba masa tsoffin bidiyo ba.

A ɗauki kwaleji mai ɗalibai 3,000, kwasa-kwasai 200 a kowane zango, zango biyu a shekara, kowane ɗalibi na ɗaukar kwas 8.

Takardun darasi ba su da nauyi. Idan aka ba kowane kwas mega 150, kwas 400 na shekara sun ci giga 60. A shekara ta biyu ba za su sake cin haka ba, saboda Moodle tana gane fayil ne da abin da ke cikinsa, ba da sunansa ba. Malami ya ɗora takarda ɗaya a aji biyar, kwafi ɗaya ne a faifai. A ƙiyasta giga 20 a kowace shekara mai zuwa.

Aikin gida ne wurin da ake yawan raina lissafi. Ɗalibi 3,000, kwas 8, aiki 3 a kowane kwas: miƙawa 72,000 ke nan a zango. Idan rubutun kwamfuta ne da aka mayar PDF, rabin mega kowanne, giga 36 ne. Amma ɗalibinmu da biro yake rubutawa, ya ɗauki hoton shafi huɗu da waya, kowane hoto mega 3. Mega 12 sau 72,000 ya zama giga 864 a zango guda. Idan aka wajabta amfani da manhajar sikanin ta waya, wadda ke haɗa shafukan a PDF ɗaya baƙi da fari, aka kuma rufe iyakar ɗorawa a mega 2, abin zai tsaya a giga 144, wato 288 a shekara. Wannan doka ta layi ɗaya ta fi sayen faifai biyu amfani. A kuma sani cewa idan malamai suna maki da jan alƙalami a cikin dandalin, manhajar tana mayar da kowane shafi hoto ta ajiye, don haka aikin yana cin wuri fiye da girman da ɗalibi ya ɗora.

Bidiyo yana da ƙa'ida ɗaya da ya kamata a haddace: megabit ɗaya a daƙiƙa yana ba da mega 450 a awa. Wayar da ke ɗauka a megabit 12 tana fitar da giga 5.4 a awa. A ce kwas 60 ne kawai ke da bidiyo, awa ɗaya a mako, mako 12: awa 720 a zango. Idan aka ɗora su yadda suka fito daga waya, kusan tera 3.9 ne. Idan aka bi da su ta HandBrake, manhajar matse bidiyo ta kyauta, aka sauko da su 720p a megabit ɗaya, giga 324 ne, kuma rubutun allo yana karantuwa. Laccar da murya ce kawai da takardar darasi, a kilobit 64, mega 29 take ci a awa, awa 720 ɗin duka giga 21. Gaskiya laccoci da yawa na tarihi ko shari'a ko adabi ba su rasa komai idan aka cire fuskar malami. Lissafi da zane-zanen injiniya ne ke buƙatar a ga hannu yana rubutu.

Rumbun bayanai yana girma a hankali, amma ba ya tsayawa. Duk dannawar da ɗalibi ya yi layi ne a rajistar motsi. Dannawa 40 a rana, ɗalibi 3,000, kwana 200, layi miliyan 24 ke nan. A ƙiyasta rabin kilobait ga kowanne, giga 12. A haɗa da amsoshin jarrabawa da saƙonni, a ware giga 30 a shekara.

Jimillar shekara ta farko giga 1,026. Idan rabin bidiyon ne kawai ake sabuntawa, shekara ta biyu da ta uku 662 kowacce. Shekara uku giga 2,350, a ciki bidiyo 1,296, saura 1,054. Ba a barin faifai ya cika maƙil, sai a raba da 0.75 don a bar kashi ɗaya bisa huɗu a sarari: kimanin tera 3.1.

Wannan adadi bai haɗa da kwafin ko-ta-kwana ba, kuma a nan ne yawancin faya-fayai ke cika. Kwafin kwas da Moodle ke yi da kanta, fayil mai ƙarewa da mbz, yana ƙunshe da duk abin da ke cikin kwas ɗin, har da bidiyo. Tunda kowane kwafi ya ɗan bambanta da na baya, dabarar ajiye kwafi ɗaya ba ta aiki a kansa. Wanda ya kunna shi kowane mako ya ce a riƙe huɗu, tera ɗayansa ta zama biyar, kuma sau da yawa duk a kan faifan da ake son karewa. Kwafin gaske a wajen manhajar ake yinsa: a juye rumbun bayanai kowane dare, a kwafi moodledata da abin da ke ɗaukar sabon abu kaɗai, irin rsync ko restic, zuwa wata na'ura daban.

Uwar garke a cikin makaranta

Ga kwalejin misalinmu kayan ba su da yawa: uwar garke ɗaya, wato kwamfutar da dandalin ke zaune a kanta, mai SSD biyu na giga 960 a RAID 1 (RAID tsari ne na haɗa faya-fayai don kada mutuwar ɗaya ta tafi da bayanai) don manhaja da rumbun bayanai, da faifai huɗu na tera 4 don fayiloli. Faifai huɗun nan ba tera 16 za su ba da ba. A RAID 10 ko RAID 6 tera 8 ne, kuma na'ura za ta nuna kusan 7.3, domin kamfani da dubu yake ƙirga, kwamfuta da 1,024. Tsarin ext4 na Linux kuma yakan keɓe kashi 5 cikin ɗari idan ba a rage ba. RAID 5 zai ba da tera 12, shi ya sa yake jan hankali, amma idan faifai ɗaya ya mutu, sake gina shi yana ɗaukar awanni masu yawa ana karanta sauran ukun daga farko har ƙarshe. Faya-fayan da aka saya rana ɗaya, suka sha zafi ɗaya, na biyun yakan faɗi a daidai wannan lokaci, kuma idan ya faɗi komai ya tafi. RAID 6 yana jure mutuwar biyu. A sayi na biyar a ajiye a kabad tun ranar farko, a kuma tabbata nau'in faifan CMR ne, domin ɗaya nau'in, SMR mai araha, yana tafiyar hawainiya a lokacin sake gini. RAID safayar taya ce: tana hana mota kwana a hanya, ba ta hana a sace ta. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, ko wanda ƙwayar cutar neman fansa ta kulle, a dukkan faya-fayan yake gogewa ko kulluwa lokaci guda.

Ƙarfin wannan zaɓi a fili yake. An biya sau ɗaya da naira, ba ruwan makaranta da canjin dala na wata-wata. Ɗalibin da ke cikin harabar makaranta yana sauke darasi ta Wi-Fi ba tare da ya taɓa datarsa ba. Jarrabawar kwamfuta a zaure ba ta dogara da layin waje. Makarantar da ɗalibanta ke kwana a ciki, ko suke zuwa kullum, tana da hujja mai ƙarfi ta bin wannan hanya.

Rauninsa wuta ne da layi. Uwar garke da na'urorin haɗi za su ja kimanin wat 400, wato kilowat-awa 9.6 a rana. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane kilowat-awa, daga baya aka ɗan rage. A kan naira 210, kusan naira 60,000 ne a wata, ban da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ta fi uwar garken ci. Wannan idan an kawo wutar ke nan. Don a riƙe wat 400 na awa 12 ana buƙatar kilowat-awa 4.8. Batirin inbata na bolt 12, Ah 200, yana ɗauke da 2.4, amma rabi ake ɗiba idan ana so ya yi ƙarko, don haka huɗu ne mafi ƙaranci, shida ya fi kwanciyar hankali, ko kuma na litiyam mai kilowat-awa 5 da ƙari. A Oktoban 2024, lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, layin da ke kawo wuta ta Benuwai shi ma ya samu matsala, mafi yawan jihohin Arewa sun shafe kwanaki a duhu. Batiri kaɗai ba ya ɗaukar irin wannan, sai da sola ko janareta mai tanadin mai. Kuma ɗaukewar wuta farat ɗaya ba kashe dandali kawai take yi ba. Rumbun bayanan da ke tsakiyar rubutu yana iya tashi a lalace, shi ya sa ake haɗa UPS, na'urar batirin riƙon wuta, da uwar garken ta kebul, ta kashe kanta da tsari idan batiri ya yi ƙasa.

Sai yanayi. Zafin Maris da Afrilu yana gajarta rayuwar faifai a ɗakin da ba sanyi, ƙurar hunturu tana toshe fanka, tsawar damina kuma ta kebul ɗin da aka ja tsakanin gini da gini take shigowa. Tsakanin gine-gine a ja faiba, ba waya mai tagulla ba.

Layin shi ne abin da ya fi kashe wannan zaɓi ga makarantar da ɗalibanta ke gida. Kowane ɗalibi da ke kallon bidiyo daga Rigasa ko Kawo ko Kafanchan yana jan megabit ɗaya daga layin fita na makaranta. Layi mai megabit 50 zai ɗauki mutum 40 da ƙyar. Daren jarrabawa mutum 300 ne za su shigo. Tera 8 na nan a ɗaki, amma ba ƙofar da za su fita.

Uwar garken haya

A nan makaranta tana hayar na'ura a cibiyar ajiye bayanai. Wuta da sanyi da sauya faifan da ya mutu sun bar wuyanta, kuma ana ƙara wuri cikin mintoci. Ba sai an sayi tera 3 yau ba. A fara da abin da zango ɗaya ke buƙata.

Tarkon farko shi ne zuba komai a kan faifan uwar garken. Irin wannan wuri a kamfani kamar DigitalOcean senti 10 ne kan kowace giga a wata, tera 3 dala 300. Ma'ajiyar fayiloli zalla ta fi araha nesa ba kusa ba. Farashin da aka daɗe ana gani shi ne senti 2.3 a Amazon S3, senti 1.5 a Cloudflare R2, kimanin dala 6 kan tera a Backblaze B2. Tera 3 ɗin nan ta koma dala 69 ko 45 ko 18. Akwai ƙarin manhaja mai suna ObjectFS da ke kwashe fayilolin Moodle zuwa irin wannan ma'ajiya, ta bar sababbi da ƙanana a faifan gida, ba tare da malami ko ɗalibi ya ga bambanci ba. Farashi yana motsi, a duba na ranar saye.

Tarko na biyu ya fi zafi, kuma shi ne ba a gani a takardar farashi sai a ƙasa: kuɗin fita. Wasu kamfanoni ba sa cajin abin da ya shiga, suna cajin abin da ya fita zuwa wayar ɗalibi. Ɗalibi 3,000, kowanne ya kalli awa biyu a mako, mega 900 ke nan ga mutum, tera 2.7 a mako, 10.8 a wata. A senti 9 kan giga, farashin Amazon a cibiyoyinta na Amurka da Turai, kusan dala 970 ne a wata, alhali ajiye bidiyon kansu bai wuce dala 30 ba. R2 ba ta cajin fita. B2 tana yafe fita har ninki uku na abin da aka ajiye. Hetzner ta Jamus kan haɗa tera 20 na fita a kuɗin wata na na'urorinta na Turai. Ga makaranta, wannan layi na kwangila ya fi farashin giga muhimmanci.

Sai dala. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati yana kusa da naira 460, a farkon 2024 ya haura 1,500. Makarantar da ta yi kasafi da tsohon farashi ta ga kuɗin hayarta ya ninka uku ba tare da ta ƙara giga ko ɗaya ba. Hanyar biyan ma aiki ce. Makarantar gwamnati da kuɗinta ke fita ta bauca da sa hannu uku ba ta iya cika kati kowane wata, sai a ɗora wa katin wani ma'aikaci. Ranar da katin ya ƙi, ko ma'aikacin ya bar aiki, kamfani zai dakatar da asusun, bayan ɗan wa'adi ya share. A buɗe asusu da imel na makaranta, a biya na shekara gaba ɗaya inda ake karɓa, ko a bi ta dillalin gida mai ba da rasit da naira.

Haya a cikin gida tana rage wasu daga cikin waɗannan. Galaxy Backbone ta gwamnatin tarayya tana da cibiya a Abuja da Kano, a Legas akwai Rack Centre da Equinix, wadda a da ake kira MDXi. Kuɗin giga yakan fi na Turai, amma da naira ake magana. Ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ke ƙetare ne ya fi wuyar isa. Akwai kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa. Sunan ɗalibi da hotonsa da lambar wayarsa da makinsa duk suna ciki. Dokar ba ta hana ajiya a waje ba, amma dole makaranta ta iya nuna cewa inda ta kai bayanan yana da kariyar da ta dace. Laccar malami kan lissafi ba ta da wannan nauyi, wanda wani dalili ne na raba bidiyo da rumbun bayanai.

Akwai MoodleCloud, inda kamfanin Moodle ke riƙe komai. Ya dace da cibiyar horaswa mai ɗalibai kaɗan da ba ta da ma'aikacin kwamfuta, amma wurin ajiyarsa 'yan giga ne kuma ba a girka ƙarin manhaja. Ba na kwalejin misalinmu ba ne.

A fitar da bidiyo

Moodle ba ta sarrafa bidiyo. Yadda aka ɗora shi haka take miƙa shi, ko ɗalibi yana kan faiba ko yana kan sanda ɗaya ta netwok a Birnin Gwari. YouTube kuwa tana yanka shi zuwa matakai, har ƙasa zuwa 144p, wayar ta zaɓi wanda layi zai iya ɗauka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga aljihun ɗalibi, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Awa biyu a mako a megabit ɗaya giga 3.6 ne a wata, a kan bidiyo kaɗai.

Idan aka ɗora laccoci a YouTube a matsayin waɗanda ba sa fitowa a bincike, aka liƙa mahaɗinsu a shafin kwas, giga 1,296 sun fita daga lissafi, tera 10.8 na fita ma sun fita. Abin da ya rage wa makaranta giga 1,054 ne a shekara uku, da sarari kimanin tera 1.4. Sharaɗinsa: duk wanda ya samu mahaɗin zai iya kallo, don haka makarantar da laccar ce hajarta ta sani cewa za ta zaga WhatsApp. Tashar ta zama ta makaranta, ba ta malami ba. A tantance asusun da lambar waya, in ba haka ba minti 15 ne iyaka. Kada a sa kiɗan wani a farkon bidiyo. A kuma riƙe ainihin fayilolin a gida, domin wanda ya ba da wuri kyauta yana iya sauya sharaɗi. Google ta yi haka a Yulin 2022, lokacin da ta janye ajiya marar iyaka ga makarantu ta koma tera 100 ga makaranta gaba ɗaya. Google Drive ba wurin nuna lacca ba ne: fayil ɗin da jama'a suka yi wa rubdugu yakan kulle na kusan yini guda, kuma daren jarrabawa ne ake rubdugun. Mai son a rufe bidiyo ga 'yan makaranta kaɗai sai ya biya Vimeo ko makamancinta, inda ake iya hana shi buɗuwa a wani shafi ban da na makaranta.

Wanne ga wa

Ga kwalejin da ɗalibanta ke warwatse a gari da ƙananan hukumomi, abin da muke gani ya fi shi ne a raba kayan gida uku. Manhaja da rumbun bayanai a uwar garken haya mai SSD giga 200 zuwa 300. Fayiloli a ma'ajiyar da ba ta cajin fita, bidiyo a YouTube ko Vimeo. Sai ƙaramar na'urar ajiya a makaranta, faifai biyu na tera 8 a RAID 1, da ke janyo kwafi kowane dare. Wannan na'ura ba sai ta zauna a kunne kullum ba, idan wuta ta ɗauke ba wanda ya rasa darasi. Da haka an samu kwafi a wurare biyu da ba su dogara da juna ba, kuma ranar da asusun waje ya samu matsala, kayan makaranta na hannunta.

Ga makarantar kwana ko wadda babban aikinta jarrabawar kwamfuta ce a zaure, a juya tsarin: uwar garke a gida, kwafi a waje. Amma a lissafa dawowar kwafin kafin a dogara da shi. Tera 2 a kan layi mai megabit 20 kwana tara ne da 'yan awanni, idan layin bai yanke ba. Daga na'urar da ke ginin kusa, a kan layin gigabit, awa biyar zuwa shida ne. Saboda haka kwafin waje na gobara ne da sata, na yau da kullum ya zauna a wani gini cikin harabar.

Makarantar da ba ta kai ɗalibi 500 ba kada ta sayi uwar garke. Kuɗin batirin kaɗai ya biya mata hayar shekaru.

Abubuwan da ke cika faifai a ɓoye

Ko wane zaɓi aka bi, cikar faifai kamanninta ɗaya. Ba saƙon "wuri ya ƙare" ake gani ba. Ɗalibi ya sa kalmar sirri daidai a dawo da shi shafin farko, amsar jarrabawa ta ƙi ajiyuwa, rumbun bayanai ya tsaya, domin ba inda zai rubuta. Shi ya sa ake raba rumbun bayanai da moodledata a ɓangarori daban, kada aikin gida ya shaƙe maki. A sa ƙararrawa a kashi 75 da kashi 90. Umarnin df -h yana nuna wurin da ya rage, df -i kuma yana nuna ko adadin fayiloli ne ya kai iyaka, domin miliyoyin ƙananan fayiloli na iya tsayar da faifan da rabinsa fanko ne.

Idan faifai na cika ba tare da an ɗora wani abin kirki ba, a fara duba cron, mai gudanar da ayyukan Moodle na bayan fage. Shi ne mai share kwandon shara da fayilolin wucin gadi, kuma ana so ya gudana kowane minti. Yakan tsaya shiru bayan an sabunta PHP, harshen da Moodle ke gudana a kai, ba wanda ya lura sai bayan makonni. Kwandon shara na kwasa-kwasai yana riƙe abin da aka goge kwana 7, saboda haka goge kwas yau ba ya buɗe wuri yau, yana ma iya ƙara ci na ɗan lokaci. Kowane mai asusu yana da jakar kansa ta mega 100: sau 3,000, giga 300 ne da ba a lissafa ba, a rage ta zuwa mega 10. MySQL 8 tana ajiye rajistar sauye-sauyenta kwana 30 idan ba a taɓa ba. Makarantar da ke amfani da BigBlueButton, manhajar aji kai tsaye ta bidiyo, ta tuna cewa yana ajiye ɗanyen ɗauka ban da wanda aka sarrafa, kuma uwar garkensa daban ya kamata ta kasance.

Iyakar ɗorawa hawa-hawa ce: ta PHP, ta dandali, ta kwas, ta aikin kansa, kuma mafi ƙanƙanta ce ke aiki. A bar ta sama da ɗan faɗi saboda malamai, a matse ta aikin gida.

Wa'adin ajiya kuwa ba hukuncin ma'aikacin kwamfuta ba ne, na majalisar makaranta ne, kuma a rubuce. Maki ya zauna har abada, ba ya cin komai. Aikin gida ya zauna har wa'adin ƙorafin jarrabawa ya wuce, a ce shekara biyu, sannan a kwashe shi zuwa faifan gida a share daga dandali. Da wannan kaɗai kason aikin gida zai tsaya a giga 576 maimakon ya riƙa ƙaruwa da 288 kowace shekara. Rajistar motsi ta Moodle ba ta goge kanta sai an ce ta goge, a sa ta a kwana 365. Wanda ya gaji dandalin da aka bar rajistarsa shekaru ya yi hattara: goge tsoffin layuka ba ya rage girman fayil ɗin rumbun a faifai sai an sake gina teburin da OPTIMIZE TABLE, kuma aikin yana buƙatar sararin da ya kai girman abin da ya rage a teburin. A yi shi a hutun zango, faifai na da sauran wuri, bayan an ɗauki kwafi an kuma gwada dawo da shi a wata na'ura.